Nazari: Idan ɗanmu ya ce ya gaji da aikin banki

Karanta Yakubu 2:1-4 da Ibraniyawa 11:24-26.

A ƙauyukanmu da yawa akwai iyalin da suka sayar da sa, ko suka jinginar da gona, domin ɗansu ya gama jami'a. Ya yi bautar ƙasa, ya sami aiki a banki a Kaduna ko Legas, aka yi baikon godiya a majami'a. Bayan shekara uku ya zo gida Kirsimeti ya ce yana so ya bar aikin. Uwa ta fashe da kuka, uba ya ce sammu aka yi masa.

Kafin mu yanke hukunci, bari mu san yadda aikin yake. A shekara ta 2005 bankunan Nijeriya suka ragu daga 89 zuwa 25, bayan Babban Banki ya ce dole kowanne ya mallaki jarin naira biliyan 25. Gasar neman masu ajiya ta yi zafi ƙwarai. Akan ɗora wa matashin ma'aikaci adadin kuɗin da zai jawo wa banki, in ya kasa aikinsa yana cikin haɗari. Da yawa kuma ma'aikatan kwantiragi ne ta hannun wani kamfani. Aiki iri ɗaya suke yi da sauran, amma albashinsu bai kai ba. Wasu 'yan mata sukan gamu da attajiran da ke neman abin da bai dace ba kafin su buɗe asusu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota da na abinci suna cinye albashi kafin wata ya ƙare. Mu kuwa a gida kwat da laktaye muke gani, sai mu aika masa da jerin bukatu.

Musa ya girma a gidan Fir'auna, babu matsayin da ya fi wannan a Masar, duk da haka ya bar shi ya bi mutanensa cikin wahala. Yakubu kuma ya tsauta wa ikilisiyar da ke ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, ta bar matalauci a tsaye. A nan ne abin ya shafe mu. Wa muke kira gaba ranar bikin girbi, mai mota daga birni ko malamar firamare da ta yi shekara ashirin tana koyar da yaranmu? Yara suna kallo, daga nan suke koyon abin da ake kira nasara.

Ba kowane barin aiki ne hikima ba. Bashin karatunsa yana nan, ƙannensa suna makaranta, kuma 1 Timoti 5:8 ta ɗora wa mai bi nauyin iyalinsa. Dattawa su zauna da shi, su ji damuwarsa, sa'an nan su tambaye shi da me zai ci abinci a wata shida na farko. Wanda ya iya lissafin banki zai iya riƙe littafin ƙungiyar manoma ko na adashen zumuntar mata, ko da yake hakan ba lallai ya ciyar da shi nan take ba.

Ku tattauna a ƙungiyarku: me muka roƙa daga yaranmu na birni a bana, kuma mun taɓa tambayarsu yadda suke samun kuɗin? Idan ɗaya ya dawo gida gobe ba mota, a ina za mu zaunar da shi ranar Lahadi?