Tsohon Babur Mai Karkarwa: A Auna Kafin A Kwance Inji

Tambaya: Ina da tsohon babur ƙirar Honda CG125 wanda na gada daga mahaifina. Yana tashi da kik ɗaya ko biyu, amma da na murɗa totur sai karkarwa ta kama kan babur da wurin ɗora ƙafa, kafin in yi tafiyar rabin awa yatsuna sun sage. Bakanikena ya ce a sauke injin a sa masa bulok na 150, wai zai koma sabo. Ni kuwa ba gudu nake nema ba, so nake ya riƙa tafiya sumul. Mece ce shawararka?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sanya albarka a abin da ya bari. Malam, kada ka yarda a sa maka wannan bulok. Ƙara wa inji girma ba ya maganin karkarwa, sau da yawa ma ƙara ta yake yi. Abin da ke kawo tafiya sumul shi ne awo: a gano inda ƙarfe ya ci, a mayar da kowane abu ma'aunin da masu ƙera shi suka ajiye.

Ka san injin da ke hannunka

Honda ta fitar da CG125 a 1975, bayan da injiniyoyinta suka zaga wasu ƙasashen Asiya suka ga yadda ake lafta wa babura kaya, ana barin baƙin mai har ya yi kauri ba a juye ba. Shi ya sa suka yi injin da ba shi da taimin cen. Sanduna biyu na ƙarfe ne ke tura bawul, don ya jure wahala da ƙarancin kula. Faɗin silindarsa milimita 56.5, fistin kuma yana hawa da sauka milimita 49.5, jimla cc 124.

Silinda ɗaya gare shi, kuma a nan karkarwar take samo asali. Fistin yana hawa, ya tsaya cak, ya sauko, ya sake tsayawa. Idan inji na juyi 6,000 a minti, fistin yana sauya alkibla sau 200 a daƙiƙa guda. Don a rage wannan fizga aka yi wa kiranshaf kumatu masu nauyi a ɓangaren da ke kallon kishiyar fistin. Sai dai ba sa iya shanye fizgar duka, domin idan aka ƙara musu nauyi fiye da kima, girgizar sama da ƙasa ce za ta koma ta gaba da baya. Don haka 'yar tsuma ba ta rabuwa da wannan inji tun yana sabo. Wadda ke sage yatsu kuwa alama ce ta cewa wani abu ya kauce.

Riƙe wannan: nauyin kumatun an daidaita shi ne da nauyin fistin na asali. Fistin na 150 faɗinsa milimita 62 ne, ya fi naka nauyi. Ɗora shi a kan tsohon kiranshaf tamkar cika gefe ɗaya na mangala ne a bar ɗayan yadda yake. Jaki zai tafi, amma a karkace.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi

Kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, ka tayar da shi a firi, ka riƙa ƙara wuta a hankali hannunka ɗaya a kan tanki. Idan karkarwar ta zo yana tsaye, laifin na inji ne ko na kusoshin da suka riƙe shi. Idan ba ta zo ba, hau titi mai kyau, ka ɗan yi gudu, ka matse kuloci ka saki totur. Inji ya koma sulo amma babur bai daina girgiza ba? To ka ƙyale inji, matsalar tana ƙafafu ko sarƙa.

Bi kusoshin da suka ɗaure inji da firam ɗaya bayan ɗaya, har da ƙarfen da ya riƙe kan inji daga sama, a ƙarƙashin tanki, wanda ake yawan mantawa da shi. Noti ɗaya da ya saki a can ya isa ya hana ka sakat. Share maiƙon da ke kewaye da kunnuwan firam ka duba ko akwai tsaga. Duba maɗaurin salansa. Juya ƙafar baya da hannu kana taɓa sarƙa: idan tana tsukewa a wani wuri ta saki a wani, ta gama aiki, a sauya ta tare da siforoket na gaba da na baya lokaci guda. A cikin cibiyar ƙafar baya akwai robobin da ke shanye fizgar sarƙa. Idan sun mutu, duk sanda ka ja ko ka saki mai sai ka ji babur ya zabura. Sannan rim da ya lanƙwashe, wayoyin ƙafa da suka saki, da boris ɗin ƙafa.

Daga nan sai saiti. Da safe, inji na sanyi, a juya magineto har alamar T ta zo daidai da tsagar da ke jikin inji, a lokacin da bawul biyu suke rufe, a saita tafet a milimita 0.08 da siraran ƙarafan awo, ba da kunne ba. Idan naka mai kontak ne, buɗewarsa ta kasance tsakanin milimita 0.3 da 0.4, kuma ya fara buɗewa daidai kan alamar F. Wutar da ta riga lokacinta tana dukan fistin tun yana kan hawa, shi ne wannan kaushin da ake ji. Bakin fulogi milimita 0.6 zuwa 0.7. A wanke kafireta, a duba wuyan da ya haɗa ta da inji, domin idan iska na kutsawa ta nan sulo ba zai taɓa zama wuri ɗaya ba. Soson tace iska a wanke shi, a shafa masa ɗan mai, a matse. Babura da dama daga nan suke warkewa ba tare da an kwance ko da kusa ɗaya ta cikin inji ba.

Idan ya zama dole a buɗe

Alamomin su ne shuɗin hayaƙi, shan baƙin mai, kik da ya yi laushi ba ya turjewa, ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji, da ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin man da aka juye. Idan ka ga biyu ko uku daga ciki, a sauke shi.

A fara da silinda. A auna faɗinta sama, tsakiya da ƙasa, ta fuska biyu, domin ba a zagaye take cinyewa ba. Sa sabon ringi a silindar da ta zama ƙwai ɓarnar kuɗi ce. Fistin na ƙari yana zuwa mataki-mataki: milimita 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00. Ɗauki mafi ƙanƙanta da zai share cin da aka samu, ka bar wa gaba saura. Ka sayi fistin tukuna, sannan a kai shi tare da bulok wurin masu borin, su yashe daidai da wanda ke hannu. Kafin a ɗaura ringi a jikin fistin, a zura kowanne cikin silinda a auna tazarar bakinsa. Ana so ta faɗa tsakanin milimita 0.15 da 0.35. Idan ta yi kaɗan, da inji ya yi zafi bakin zai haɗe ya karce bango. A rarraba bakunan kada su yi layi ɗaya, rubutun IN da ke kan fistin ya kalli wajen kafireta, kilif ɗin fin kuma sababbi.

Ga abin da ba kasafai ake yi ba, kuma shi ya fi shafar tambayarka. Wanke tsohon fistin, ka kankare baƙin da ke kansa, ka ɗora shi a ƙaramin sikelin lantarki tare da fin da ringinsa. Ɗora sabon shi ma. Injin CG an kwaikwaye shi sosai a China, saboda haka kayansa sun cika kasuwa, daga Ƙofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna da Nnewi, masu kyau da marasa kyau. Za ka samu fistin biyu masu faɗi ɗaya amma nauyi daban. Zaɓi wanda ya fi kusa da na asali.

Sai uwa uba, kiranshaf. Na wannan inji gunduwa-gunduwa ne aka matse wuri guda da fin mai kauri, kwanrod a tsakiya. Kama kwanrod ka ja sama ka danna ƙasa. Ɗan motsin gefe da gefe ba laifi ba ne, amma na sama da ƙasa ko kaɗan ba a so. Idan akwai, za a raba kumatun da injin matsa, a sa sabon kwanrod da boris, a sake matsewa. A nan ake kashe injuna da yawa. Bayan matsewa, kumatun biyu ba sa komawa kan layi ɗaya da kansu. Dole a ɗora kiranshaf a kan ƙarafa biyu masu tsagar V, a kafa agogon awo a kowane ƙarshe, a juya a hankali ana kallon allura. Mai aikin zai riƙa ɗan bugun kumatu da gudumar tagulla, ya sake aunawa, har allurar ta kusa daina rawa. Ƙwararru suna neman kada karkatar ta wuce milimita 0.03, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Ido ba ya ganin wannan, amma tafin hannunka zai ji shi a kan titi. Ka je da kanka ka tsaya a yi a gabanka. Wanda ba shi da agogon awo, ka ɗauki kayanka ka yi gaba.

Manyan boris na kiranshaf a sa na kirki, irin NTN, Koyo ko NSK, kuma ka lura domin akwai jabu masu ɗauke da waɗannan sunaye. Kada a dake su da guduma. A bayan murfin dama, a ƙarshen kiranshaf, akwai wani ɗan kofi mai juyawa wanda shi ne matatar baƙin mai. Ana iya shekaru ba a buɗe shi ba, sai ka tarar da laka ta daskare a ciki. A kwashe ta, a wanke ragar da ke bayan murfin juye mai. A wasa bawul su zauna da kyau, a sauya robobinsu. A duba faifan kuloci da kwandonsa. Idan haƙoran kwandon sun yi tsaga-tsaga, shi ke sa babur fizga lokacin tashi. Notocin kan silinda a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai auna ƙarfi.

Sauye-sauyen da ke da amfani

Sauya kontak zuwa CDI yana taimakawa, domin wuta za ta riƙa zuwa a lokacinta ba tare da yawan saiti ba. Sai dai a sa magineto mai nauyi irin na da. Idan siforoket ɗinka na gaba mai haƙora 14 ne, sa mai 15 zai rage juyin inji da kusan kashi 7 cikin 100 a gudu iri ɗaya. Babur zai natsu a doguwar hanya, amma zai ɗan rage kuzari wajen tashi da hawan tudu, musamman da goyo. Sababbin robobin hannu da na ɗora ƙafa, da 'yan ƙarafa masu nauyi a ƙarshen kan babur hagu da dama, suna rage abin da ke isa yatsu.

Waɗanda za ka guje wa: aske kan silinda don ƙarin matsi, rage nauyin magineto, babbar kafireta, da fasa cikin salansa. Duka na masu neman gudu da ƙara ne. Nauyin magineto shi ke ɗaukar inji daga bugu ɗaya zuwa na gaba, tun da wuta sau ɗaya take tashi a juyi biyu.

Bayan an haɗa

Kilomita 500 na farko kada ka ƙure totur, kada ka bar shi yana nishi a babbar giya, kuma ka riƙa sauya gudu. Daga nan a juye mai, a sake ɗaure kusoshin inji, a sake duba tafet. Wajen lita guda kacal ta baƙin mai injin yake ɗauka, kuma da shi giya da kuloci suke aiki, don haka ka sayi na babur a rufaffiyar roba, mai alamar JASO MA. Wasu man motoci suna sa kuloci zamewa. A lokacin hunturu ka yawaita wanke soson iska, domin ƙura ce ke cinye sabon borin.

Ga tsarin da za ka kai wa bakanikenka: kusoshi da sarƙa da farko, sai saiti, sai ka hau na mako guda. Idan karkarwar tana nan, a buɗe, a auna, a rubuta maka lambobin a takarda kafin ka sayi ko da gaskit. Kuɗin da za ka zuba a bulok na 150 ka kashe su wajen daidaita kiranshaf da sayen boris na gaske. Allah ya kiyaye hanya.