Darasi: Wa Zai Tsaya wa Matashi Har Ya Sami Aiki?

Darasinmu na wannan wata ya shafi kowane gida. Yaro ya gama makaranta, ko yarinya ta koyi sana'a, amma shekara ta zagayo suna nan zaune. A shekarar 2016 Bankin Raya Afirka ya ƙiyasta cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ne suke fita neman aiki kowace shekara a nahiyarmu, alhali guraben aikin albashi da ake buɗewa kimanin miliyan 3 ne kawai. A Nijeriya kuwa, alkaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2023 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki, a gona suke, ko kasuwa, ko gareji, ko shagon tela da makamantansu. Ashe yawancin 'ya'yanmu a hannun wani maigida za su fara cin guminsu, ba a ofishin gwamnati ba.

To, maigida ba ya ɗaukar wanda bai sani ba. Yana tsoron a gudu masa da kayan aiki, ko ya koya wa yaro na wata shida ya ɓace. Saboda haka yakan ɗauki ɗan ƙanensa ko da ba shi da hannu, ya bar ɗan gwauruwa mai basira a bakin ƙofa. Sau da yawa mukan ce matasa ragwaye ne; amma mu tuna da misalin ma'aikatan gonar inabi cikin Matiyu sura 20, inda waɗanda suka wuni tsaye a kasuwa ba ƙiwuya ce ta tsayar da su ba, rashin mai kiransu ne.

A Afirka ta Kudu an kafa wata ƙungiya mai suna Harambee a 2011 domin wannan giɓi. Sun lura cewa sakamakon jarrabawa ba ya nuna iyawar matashin da ya fito daga makarantar da ba ta da malamai, sai suka riƙa gwada shi da kansu, su shirya shi, sa'an nan su miƙa shi ga kamfani da shaidarsu. Sun kuma lura da wani abu da manya sukan manta: kuɗin mota. Tun zamanin mulkin wariyar launin fata unguwannin talakawa suna nesa da wuraren aiki, har matashi yakan bar aiki tun kafin albashin farko domin aljihu ya ƙare. Sai suka riƙa neman masa wurin da mota ɗaya za ta kai shi.

Wannan hanya tsohuwa ce a Ikilisiya. Waliyyi Yohana Bosko, wanda ya rasu a 1888, ya yi aiki a birnin Turin na Italiya lokacin da yara suke kwarara daga ƙauyuka neman abin yi, kamar yadda muke gani a Kaduna da Jos a yau. Yakan bi shago shago yana nema musu wuri. A watan Fabrairu na 1852 ya sa hannu, tare da uban wani yaro da wani kafinta, a kan takardar yarjejeniyar koyon sana'a ta shekara 2. An rubuta cewa maigida zai koya wa yaron sana'ar ne, ba zai mai da shi ɗan aike ba. Zai tsawata masa da baki, ban da duka. Zai bar shi ya huta ranar Lahadi da ranakun idi. Ladansa kuma zai riƙa ƙaruwa. Kafinta ya yarda domin akwai Fada da ya tsaya wa yaron, yaron kuma ya sami wanda zai kai wa kuka. Mabiyansa, 'yan Salesiya, sun iso Nijeriya a 1982, suna kuma da makarantun koyon sana'a a Ondo da wasu garuruwa.

Kada mu ruɗi kanmu: tsaya wa yaro ba ya ƙirƙiro aikin da babu. Mai walda ba zai ƙara hannu ba in babu wutar lantarki, manomi ba zai ɗauki 'yan ƙodago ba in tsoro ya hana shi zuwa gona. Wannan nauyin hukuma ne, kuma wajibi ne mu ci gaba da tuna mata. Amma a ganinmu, raba kekunan ɗinki a ƙarshen taron kwana uku, a ɗauki hoto a watse, ba ya kai ko'ina. Sau nawa muka ga keken a kasuwa bayan wata guda?

A kowace Misa ta Lahadi, makanike da magini da mai kantin magani suna zaune benci ɗaya da matashin da ba shi da aiki, ba su san juna ba. Majalisar majami'a tana iya rubuta sunayen masu sana'a da ke da gurbi, Katakis da Zumuntar Mata Katolika su kawo sunayen yaran da suka san halinsu, har da na maƙwabtanmu waɗanda ba Kirista ba. In an daidaita, a yi takarda a gaban iyaye da dattawa biyu: shekara nawa za a yi, wa zai biya kuɗin mota da abincin rana a watannin farko, wace rana ce ta hutu, da abin da za a sallami yaro da shi in ya ƙware, kamar yadda 'yan'uwanmu Ibo suke sallamar yaran shagonsu da jari. A kuma naɗa dattijo ɗaya da zai riƙa leƙa shagon sau ɗaya a wata, ya ji ta bakin maigida, ya ji ta bakin yaro.