Kafin Ka Ba Da Filinka a Kafa Ƙarfen Sabis

Idan wakilin kamfanin sadarwa ya zo neman hayar wani yanki na gidanka ko filinka don kafa ƙarfen sabis, kuɗin shekaru da zai ambata a dunƙule na iya ɗauke maka hankali. Kada ka karɓi ko kwabo sai ka ga takardu.

Fara da awo. Ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta 2009 ta ce a bar tazarar mita 5 tsakanin turken ƙarfen da gidajen maƙwabta. Dokar hukumar kare muhalli, NESREA, ta 2011 kuwa mita 10 ta tanada daga katangar gidajen zama, makarantu da asibitoci. Hukumomin biyu sun sha sa-in-sa a kan wannan, kuma NESREA ta rufe turaku da dama. Ni dai shawarata, ka riƙe mita 10. Ɗauko tef ka auna da kanka. A unguwannin da katanga ke jingine da katanga, sau da yawa filin ba zai kai ba, kuma gara ka sani tun ba a zuba kankare ba.

Sai izini. A Kano hukumar tsara birane ta KNUPDA ce ke ba da izinin gini, a Kaduna KASUPDA. Akwai kuma shaidar amincewa da tsayin turke daga Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, da rahoton tasiri ga muhalli. Nemo su aikin kamfani ne, amma ka ce a ba ka kwafi. "Muna kan nema" ba takarda ba ce.

Inda na fi damuwa shi ne maƙwabta. Mutane kan tsorata da siginar da ƙarfen ke fitarwa, alhali abin da ke hana su barci shi ne janareton da ke ruri dare da rana, da hayaƙi, da man dizal da ke tsiyaya har ya kai ga rijiya. Kai ka karɓi kuɗi, maƙwabcinka ya karɓi ƙara. Ina haƙƙin maƙwabtaka? Ka zauna da su a gaban mai unguwa tun kafin a sa hannu. Ka sa a rubuta cewa janareton mai rufin rage ƙara ne, tankin mai yana kan daɓen da ba ya yoyo, kuma duk ɓarnar da iska ko tsawa ta jawo, kamfani ne zai biya.

In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu, har mata da waɗanda ke nesa. Ka kai wa lauya yarjejeniyar, naka ba nasu ba. Ya duba shekarun haya, ƙarin kuɗi lokacin sabuntawa, da wanda zai cire ƙarfen ya gyara wurin idan wa'adi ya cika. Ka kuma tabbatar da sunan wanda kake hulɗa da shi, domin turaku da yawa yanzu na kamfanoni irin su IHS ne, masu layin waya haya suke yi a kai.