Fadar Doje ta Birnin Benis: Me Ya Hana Tushenta Ruɓewa?

Sanin kowa ne cewa idan aka kafa shisshiken rumfa ko dirkar danga, ba a cin damina uku ko huɗu sai gindin ya zagwanye, iska ta tuge shi. To, yaya aka yi wani birni sukutum yake tsaye bisa itatuwan da aka kafa cikin laka shekaru ɗaruruwa da suka wuce? Wannan tambaya ita ce ta yi ta kai-komo a zuciyata ranar da na ziyarci Fadar Doje a birnin Benis na ƙasar Italiya, kuma ita ce darasinmu a wannan fitowa.

Benis yana arewa maso gabashin Italiya, a tsakiyar wani faffaɗan tafki na ruwan gishiri da ke haɗe da Tekun Adiriyatik. An gina shi bisa tsibirai 118, gadoji sama da 400 suka haɗa su. Babu mota a cikin tsohon gari. Ko dai mutum ya taka sayyadarsa, ko ya shiga jirgin ruwa. Doje kuwa shi ne laƙabin shugaban jamhuriyar birnin. Zaɓensa ake yi, ba gado ba ne, kuma sarautar ta ɗore har 1797, lokacin da Napoliyon ya rushe ta.

Ginin fadar da ake gani yau an fara shi a 1340, aka ƙara ɓangaren da ke kallon dandali daga 1424. Salon gininsa shi ake kira Gotik, wanda ake gane shi da ƙofofi da tagogi masu baka mai tsini a sama, saɓanin bakan gizo na sorayenmu da yake lanƙwasa a hankali. Wanda ya tsaya daga nesa sai ya ga kamar an kifa ginin ne: ginshiƙai da baranda a ƙasa, ƙaton bango na farin dutse da jan marmara a sama. Tun 1923 aka mayar da fadar gidan tarihi.

A ciki, abin da ya fi tsayar da ni shi ne zauren Babbar Majalisa. Tsawonsa kimanin mita 53, faɗinsa mita 25, amma ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Gobara ta cinye shi a 1577, aka sake gyara shi, kuma bangonsa na gaba yana ɗauke da wani makeken zane na Tintoretto. A kewayen saman bango an jera hotunan Doje-Doje na farko, sai gurbi guda da aka zana baƙin mayafi a kai: na Marino Faliero ne, wanda aka fille wa kai a 1355 saboda ya ƙulla juyin mulki. Daga nan maziyarci yakan bi ta wata rufaffiyar gada zuwa kurkuku. Duk wannan tarihi ne, malaman tarihi sun fi ni iya ba da shi. Ni hankalina yana ƙarƙashin ƙafata.

Ga yadda magina na Benis suka yi. Ƙasar wurin laka ce mai taushi, ba za ta ɗauki nauyin dutse ba. Don haka sukan saro itatuwa, galibi wani mai son bakin ruwa da ake kira alda, su fiƙe su, su dasa su kusa da kusa har lakar ta matse ta yi tauri. Bisa kawunansu a shimfiɗa katakai, bisa katakan a jera farin dutsen Istiriya, sannan a ɗora tubali. Gadar Riyalto kaɗai tana zaune bisa turaku kimanin 12,000.

Mai yi mana jagora ya ce itatuwan sun rikiɗa sun koma dutse. Maganar tana da daɗin ji, kuma baƙi suna son ta, amma ba haka abin yake ba.

Ruɓa ba abu ba ne da yake faruwa haka kawai. Cin abinci ne. Itace ya ƙunshi manyan sinadarai biyu: selulos, wanda zare ne na sukari da aka sarƙa, da lignin, wanda yake kamar siminti mai riƙe zaren. Manyan masu cin itace su ne funfuna da danginta irin su laimar kwaɗi. Waɗannan halittu suna bukatar abu biyu a lokaci guda: danshi da iskar oksijin. In aka rasa ɗaya, aikinsu ya tsaya. Shi ya sa azarar da ke cikin busasshen rufi take daɗewa, kuma shi ya sa shisshike yake karyewa daidai inda ya haɗu da doron ƙasa, ba can sama ba, ba can ƙasa ba. A wannan ɗan tsakanin ne danshi da iska suke gamuwa. Turakun Benis suna da ruwa har ya yi yawa, amma lakar ta toshe musu iska.

Sai dai kada ɗalibi ya ɗauka ba abin da ke taɓa su. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu iya rayuwa inda oksijin ya yi ƙaranci ƙwarai. Waɗannan suna gaigayar selulos sannu a hankali, su bar lignin, ruwa kuma ya cika gurbin da suka ci. Binciken da aka yi kan turakun da aka tono ya nuna cewa da yawa sun yi laushi. Abin da yake riƙe ginin haɗin gwiwa ne na abu uku: itace, da ruwan da ya cika ƙofofinsa, da lakar da ta matse shi ta kowane gefe. Lokacin da hasumiyar San Marko, maƙwabciyar fadar, ta rushe ranar 14 ga Yuli, 1902, an duba tushenta an tarar da turakun suna nan. Aka ƙara musu wasu, aka sake gini, aka gama a 1912.

Don a ga bambanci, a dubi turakun da aka kakkafa cikin tafkin don nuna wa jirage hanya. Su a cikin ruwa mai oksijin suke, saboda haka wata halitta da ake kira tsutsar jirgi takan huda su kamar rariya, dole a riƙa sauya su. Ba tsutsa ba ce ma. Dangin makankari ce, kuma bakteriyar da ke zaune a jikinta ce take taimaka mata narkar da itacen.

Abokin gaban fadar na haƙiƙa gishiri ne. Dutsen Istiriya ba ya shan ruwa, amma tubali yana tsotsar sa kamar lagwani. Idan ambaliya ta haura layin dutsen, ruwan gishiri ya shiga tubali. Ruwan ya ƙafe, gishirin ya daskare cikin ƙananan ƙofofi, ya yi ta girma har tubalin ya marmashe. Ambaliyar kuwa tana zuwa ne idan cikowar teku ta haɗu da iskar siroko, wadda take tasowa daga Sahara. Ranar 4 ga Nuwamba, 1966, ruwa ya kai santimita 194 sama da ma'aunin birnin. Ranar 12 ga Nuwamba, 2019, ya kai 187. Dandalin da ke gaban fadar yana daga wurare mafi gangare, shi ke fara nitsewa. Matsalar ta ƙaru domin teku yana ɗagowa, birnin kuma ya lotsa, musamman a shekarun da masana'antu suka riƙa zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, kafin a hana a shekarun 1970.

Maganin da aka yi shi ne ƙofofin ƙarfe 78 a mashigai uku na tafkin, waɗanda ake ɗagawa in ruwa zai yi yawa. An fara amfani da su ranar 3 ga Oktoba, 2020, kuma sun yi aiki. Amma masanin halittu ba zai rasa damuwa ba. Shiga da fitar teku sau biyu a yini ita ke wanke ƙazantar birnin, ita ke kawo oksijin ga kifi, ita ke zuba sabuwar laka a fadamun gishiri inda tsuntsaye suke kiwo. In teku ya ci gaba da ɗagowa, rufe ƙofofin zai yawaita, a tsirar da tubali a shaƙe tafki.

Malamai na iya gwada darasin a aji. A sami sanduna uku na itace iri ɗaya. A ajiye ɗaya a busasshen wuri, a binne ɗaya ɗungurungum cikin bokitin laka da ruwa ya rufe, a kafa ta uku rabi ciki rabi waje a ƙasa mai danshi. A kuma tsoma gindin jan tubali cikin faranti mai ruwan gishiri, a riƙa ƙara ruwan. Kowane mako ɗalibai su auna inda farin gishiri ya kai a jikin tubalin, su rubuta. Sandunan kuwa kada a taɓa su sai ƙarshen zangon karatu na biyu, sannan a ciro su, a gwada kowace da tsinin ƙusa.