DARASI NA BAKWAI: GANO MUSABBABIN TSINKEWAR HOTO A KWAMFUTAR WASA

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa mai wasan kwamfuta yakan kasance cikin wasa, hoto na tafiya sumul, sai kwatsam ya fara tsinkewa yana ɗingishi, can kuma ya koma daidai. Abin da mutane da dama kan yi shi ne su yanke hukuncin cewa na'urar ta tsufa, su kashe maƙudan kuɗi wajen sayen sabon katin hoto, alhali wani lokacin gyaran bai wuce share ƙura ba. Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Wannan darasi zai nuna yadda ake bin sawun matsalar daki-daki kafin a taɓa aljihu.

2.0 Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen wannan darasi ɗalibi zai iya:
i. bayyana ma'anar yawan hotuna a sakan;
ii. kawo manyan dalilan faɗuwarsa;
iii. tsara matakan bincike bi da bi.

3.0 Ma'anar Yawan Hotuna a Sakan

Motsin da ido ke gani a fuskar kwamfuta jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa cikin sauri. Adadin da ake nunawa cikin sakan guda shi ake kira FPS a taƙaice. Fim ɗin silima yana tafiya ne da hotuna 24 a sakan, amma masu wasa sun fi son 60 ko sama da haka. Idan ana son 60, dole ne kwamfuta ta gama zana kowane hoto cikin milisakan 16.7, idan ta ɗauki 33.3, adadin ya faɗo zuwa 30 ke nan. Sassa biyu ne ke raba wannan aiki: furosesa, wadda ke lissafin abin da ke faruwa a wasan, da katin hoto, wanda ke zana shi. Duk wanda ya makara a cikinsu, hoto zai makara.

3.1 Awo Kafin Gyara

Matakin farko shi ne awo. Manhajar MSI Afterburner na iya nuna FPS da zafin sassa da saurinsu a kusurwar allo yayin da ake wasa. Haka kuma danna Ctrl da Shift da Esc a tare yana buɗe Task Manager na Windows, inda ake ganin manhajar da ke cin ƙarfin na'ura. Abin lura shi ne: wane adadi ne ya sauya a daidai lokacin da hoto ya tsinke? Idan kuwa FPS bai motsa ba, amma 'yan wasa na tsalle daga wuri zuwa wuri, to laifin na intanet ne, ba na kwamfuta ba.

3.2 Manyan Dalilai

(a) Zafi. Idan furosesa ko kati ya kai iyakar zafin da aka ƙayyade masa, yakan rage saurinsa da kansa don kada ya lalace. Iyakar yawancin furosesoshin Intel digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyas, na AMD Ryzen 7000 kuwa galibi 95. Alamar wannan ita ce wasa ya fara lafiya, sai an ɗan jima ya lalace. Ƙurar hunturu da ke toshe fanka da kuma zafin bazara suna ƙara tsananta shi a ƙasar Hausa. Maganinsa: a kashe na'ura, a cire ta daga wuta, a hure ƙurar, a tabbatar fankoki na juyawa. Idan man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya ta ya bushe, a sabunta shi.

(b) Ƙarancin wuta. Kwamfutar tafi-da-gidanka takan rage ƙarfinta da zarar ta koma kan batir. Saboda haka idan faɗuwar ta zo daidai da ɗauke wuta, an gano bakin zaren.

(c) Cikar ma'adana. Katin hoto yana da ma'adanarsa, misali gigabait 8. Idan wasa ya buƙaci fiye da haka, sai rarar ta koma babbar ma'adanar kwamfuta, wato RAM, wadda hanyar zuwa gare ta ta fi nawa. Rage ingancin zanen wasan yakan warware wannan.

(d) Manhajojin bayan fage. Sabunta Windows, ko binciken manhajar kashe ƙwayar cuta, ko shafukan intanet da aka bari a buɗe, duk suna raba furosesa da wasa.

(e) Direba. Wannan ita ce manhajar da ke sada Windows da katin hoto. Idan matsalar ta fara ne bayan an sabunta ta, a koma wa tsohuwar ta hanyar Device Manager. Sai dai ɗan tsinkewar da ake gani a karon farko bayan sabuntawa yakan gushe da kansa, domin wasan na sake harhaɗa umarnin zane ne.

(f) V-Sync. Idan adadin na faɗowa daga 60 zuwa 30 cif-cif, a gwada kashe wannan saiti, domin wani nau'insa yakan raba adadin biyu da zarar kati ya ɗan makara.

4.0 Kammalawa

Ƙa'idar bincike guda ce: a sauya abu ɗaya, a gwada a wuri ɗaya na wasan, a rubuta sakamako. Wanda ya sauya abu biyar a lokaci guda, ko ya yi dace ba zai san wanne ne ya yi magani ba. A fara da abin da ba ya cin kuɗi. Sayen sabon kati shi ne mataki na ƙarshe.

5.0 Auna Fahimta

1. Milisakan nawa ne rabon kowane hoto idan FPS ya kai 120?
2. Yaya za a bambance matsalar zafi da ta intanet?
3. Wasa ya fara lafiya, bayan minti 20 ya fara ɗingishi. Tsara matakan da za ka bi, tare da hujjar kowanne.