Ƙananan Halittu Masu Cin Baƙin Mai

A darussan baya kun koyi cewa ƙwayoyin cuta suna kawo zawo da tarin huka. Amma ba dukan ƙwayoyin da ido ba ya gani ne mugaye ba. Cikin ƙasar gonarku akwai bakteriya da funfuna ba iyaka. Su ne suke mai da kashin shanu da karan gero su zama taki. Waɗansunsu har man fetur da gazuwal suke ci.

A shekara ta 1989 jirgin ruwan Exxon Valdez ya fashe a Alaska ta Amurka, ɗanyen mai kusan lita miliyan 40 ya malala. Ban da wanke duwatsu, ma'aikata sun watsa takin zamani a gaɓar teku. Don me? Bakteriya masu cin mai suna nan tun da, taki ne ya ƙara musu ƙarfi suka yawaita. Suna farfasa mai har ya koma ruwa da iska. Wasu irin naman kaza ma suna wannan aiki da farin zaren da suke shimfiɗawa cikin ƙasa.

To, ina ruwanku? Ku dubi wurin injin niƙa, ko injin ban ruwa, ko inda ake juye man babur. Ƙasa ta yi baƙi. Damina za ta tura man nan ƙasa, yana iya kaiwa rijiyar da ƴaƴanku suke sha.

Ku sa safar hannu ku kwashe baƙar ƙasar. Ku kai ta nesa da rijiya, aƙalla mita 30, inda ruwan sama ba zai gangaro da ita ba. Ku shimfiɗa leda mai kauri, ku baza ƙasar a kai, ku gauraya ta da takin dabbobi da ƙaiƙayi. A yayyafa ruwa ta yi danshi, kada ta zama taɓo. Kowane mako a juya ta da shebur, gama halittun nan suna bukatar iska. Nan ne mutane da yawa suke kasala, alhali juyawar ita ce rabin aikin. Sai an yi watanni kafin wari ya ragu. Ku hana yara da awaki zuwa wurin.

Akwai abin da ya fi ƙarfinsu. Dalma ƙarfe ce, ba halittar da za ta cinye ta. A 2010 a jihar Zamfara ta Najeriya, ƙurar dalma daga niƙan duwatsun zinariya cikin gidaje ta kashe yara wajen 400. Dole aka kankare ƙasar gidajen, aka zuba sabuwa.

Tsohon man inji yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe. Saboda haka ko wari ya tafi, kada ku shuka abin ci a ƙasar nan. Inda kuwa aka fasa tsohon batirin mota, kada ku gwada wannan dabara. Ku sanar da ma'aikacin lafiya, ku kawo yaran gidan asibiti a duba su.