Binciken ƙafar mota bayan karo

A ƙasashen Turai akwai filayen tseren motoci. Wasu ranaku akan buɗe su ga kowa da kowa. Mutum ya biya kuɗi, ya shiga da motarsa, ya gwada gudunta. Wani sanannen fili yana ƙasar Jamus, ana ce da shi Nurburgirin. An buɗe shi a 1927. Hanyarsa ta arewa ta kusa kilomita 21, duk kwana ce da hawa da gangara. Sau da yawa mota takan ƙwace wa direba a kwana, ta daki shingen ƙarfe na bakin hanya.

Wani lokaci jikin motar ba ya nuna kome sai ɗan ƙarzanewar fenti. Inji yana tashi, fitilu suna kamawa. Amma ɓarna tana can ƙarƙashi. Ƙarfen da ya tsage yana iya karyewa ana cikin gudu, ƙafa ta juya inda ta ga dama. Don haka ake kai motar garaji. Binciken da za a yi mata shi ne wanda makanikin Maraɗi ko Damagaram yake yi wa motar haya da ta faɗa babban rami.

Ƙarafa da yawa ne suke riƙe da ƙafar mota. Resor yana ɗauke da nauyi. Amortisar yana hana mota yin ta tsalle. Wani hannun ƙarfe mai kusurwa uku yana haɗa ƙafa da jikin mota. Sandar sitiyari kuwa ita ke juya ƙafa dama ko hagu. A mahaɗarsu akwai gaɓa mai dunƙulallen kai, tana juyawa kamar kafaɗar mutum.

Makaniki yakan fara da abu mai sauƙi. Ya auna iskar tayoyi, gama taya maras iska ma tana jan mota gefe guda. Ya danna kusurwar mota da ƙarfi ya saki. In ta tashi ta tsaya, amortisar yana da rai. In ta yi ta rawa, ko mai yana zuba daga jikinsa, ya mutu.

Sa'an nan ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da abin da ba ya gocewa. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Ya juya taya ya ga ko ƙarfenta ya lanƙwashe. Ya kama ta sama da ƙasa ya girgiza: in ta yi motsi, gaɓa ko boris ya lalace. Ya kama ta gaba da baya ya girgiza: in ta yi motsi, sai ya dubi sandar sitiyari.

Lanƙwasa kaɗan ido ba ya ganinta. A nan gefen da bai daki shinge ba shi ne malami. Makaniki yakan auna daga tsakiyar ƙafar gaba zuwa tsakiyar ta baya, a dama da hagu. In awon bai zo ɗaya ba, karon ya tura ƙafa guda baya. Yakan kuma miƙa zare a kowane gefe, daidai tsakiyar ƙafafu, ya auna daga zare zuwa bakin ƙarfen taya, gaba da baya. Da haka yake sanin ko ƙafafun suna duban gaba sosai. Da Faransanci ana ce da wannan « parallélisme ». Kowace mota da nata awo a littafinta, kuma milimita kaɗan ne. Manyan garaji suna da na'urar da ke yin awon da haske.

Karkata ƙanƙanuwa tana da babbar ɓarna. Ƙafar da ta kauce da digiri 1 tak, a kowane kilomita kamar an ja ta a kaikaice mita 17 ne. Taya ta cinye ta gefe guda, sitiyari ya karkace, mota ta ƙi bin hanya.

Mai gaggawa yakan murɗa sandar sitiyari har awo ya yi daidai, ya sallami mai mota. Wannan ɓoye cuta ne, gama lanƙwasasshen ƙarfe yana nan. Wani kuma ya gasa shi da wuta ya miƙe shi da guduma, alhali wuta tana rage masa ƙarfi. Makanikin kirki yakan cire shi ya sa sabo, sa'an nan ya daidaita ƙafafu, ya gwada motar a hankali a kan miƙaƙƙiyar hanya.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin amortisar?
2. Don me ake auna gefen da bai yi karo ba?
3. Ƙafa ta kauce da digiri 1. Mita nawa za a ja ta a kaikaice cikin kilomita 20?

Aiki

Ku samu zare da abin awo, ku duba ko ƙafafun amalanke biyu suna duban gaba daidai.